Zanen Inna da Na Ƙulle a Buhu

A shekarun farin nan, lokacin da sojoji ke rabon hatsi, ni matar aure ce a Agadas, kowa na yabona da tsabta. Ba su san azaba nake sha ba. Da na taɓa abu sai zuciyata ta ce akwai najasa, in wanke hannu sau bakwai, in koma in sake. Ruwan da mai ga-ruwa ya kawo na kwana biyu, kafin azahar na ga bayansa.

Ana haka Inna, mahaifiyata, ta baro Timia bayan rijiyar garkarsu ta ƙafe. Ta iso da ciwo, fitsari na kuɓuce mata. Nakan dama mata kunu, in ajiye a bakin tabarma in ja baya. In ta kama hannuna don ta tashi, sai in ruga wurin buta, tana kallona. Wata rana ta ce in daina ɓarnar ruwa saboda ita, za ta riƙa dafa bango. Daga nan ba ta ƙara miƙo mini hannu ba. Ranar da ta cika, maƙwabciya ce ta riƙe kanta, ni ina tsakar gida ina cuɗa sabulu.

Bayan sadakar arba'in hannuwana suka tsattsage har da jini, maigidana ya kai ni wurin majo, babban ma'aikacin jinya na unguwarmu. Ya ce ciwo ne sananne, tunani ne kawai yake zuwa, kuma wankin da nake yi shi ke ƙara masa ƙarfi. Ya tambayi abin da na fi tsoro, na ce zanen Inna da na ƙulle a buhu. Bai fara da shi ba. Ya sa in taɓa ƙofa, in zauna ban wanke ba har shayi ya dahu, in lura yadda tsoron ke sauka da kansa. Kowane mako muna ƙara mataki.

A wata na uku na kwance buhun. Na rungume zanen, ina jiran masifa. Babu abin da ya faru, sai ƙanshin hayaƙin girkinta. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ashe maganin wata uku kacal ke tsakanina da riƙe hannunta tun tana raye.

'Yan'uwa, waswasi ba tsabta ba ne, ba kuma tsoron Allah ba ne, ciwo ne mai magani. Ku nemi taimako tun masu miƙo muku hannu suna raye. Ni na warke, amma zane nake riƙewa.