Akwatin famfo a cikin rumbun Kawu

Jama'a, yau saura ƙiris geron gidanmu ya zama toka!

Da hantsi na leƙa lambun Kawu Isuhu, bayan gida. Famfon sola ya tsaya cak, ga rana tana dukan pano. Sai na ji ƙauri. Ƙaurin roba!

Na dubi garun da aka kafa akwatin da ke sarrafa injin. Wayam! Wayar ta bi ƙasa, ta shige rumbu.

Na ce, "Kawu, ina akwatin?"

Ya ce, "Ɓarayi sun yi yawa. Na naɗe shi da bargo, na cusa cikin damman gero."

Innalillahi! Na katse wutar pano, na ɗare rumbun. Hayaƙi ya turnuƙe ni. Bargon har ya fara ci!

Na fizgo shi, na kira Malam Habu mai gyara. Ya ce, "Wannan abu numfashi yake yi! A kafa shi tsaye, a inuwa, iska tana ratsa haƙoran ƙarfen bayansa. Wa ya ba ku wannan dabara?"

Kawu ya ce, "Ni ne. Kuma ranar kasuwa na koya wa masu lambun Ɗan Barto. Duk sun ce za su yi."

Ga mu bisa moto yanzu, za mu Ɗan Barto. Rana ta take tsaka. Mai ɗan'uwa a can ya kira shi, don Allah. Ina hango hayaƙi gabanmu.