Baba Tasta da Kwamfutar Auta

Shekara talatin da huɗu ya yi yana ja wa mutane wayar wuta a gidaje da shaguna, kuma ba a taɓa ganinsa babu tasta a aljihun gaban rigarsa ba, ɗan sukundireban nan mai fitila a ciki da ake taɓa waya da shi a ga ko akwai wuta. Shi ya sa unguwa ta laƙaba masa Baba Tasta. Har matarsa, idan ya ɓata mata rai, da sunan take kiransa.

A hannun kawunsa ya koyi aikin. Yana saurayi, wani tela ya matsa masa ya sa siririyar waya a shagonsa, wai ai keke ɗaya ne da ƙwan fitila. Ya sa. Bayan wata biyu tela ya ƙaro dutsen guga biyu da fanka, wayar ta narke a cikin bango, Allah ya kiyaye ba ta kama yadudduka ba. Ba wanda ya ce laifinsa ne, amma ya daɗe ba ya bin layin da shagon yake. Tun daga nan duk wanda ya kira shi aiki, tambayarsa ta farko ita ce, "Me da me za ku ɗora a kai?"

Ido ne ya sauke shi daga tsani. Yanar ido ta fara rufe masa gani, ranar da ya kasa bambance jar waya da mai ruwan ƙasa ya dawo gida ya ba maƙwabcinsa tsanin. Bai yi ƙorafi ba. Sai dai hannunsa bai saba da zama ba, duk makunnin da ke gidan ya kwance shi ya sake ɗaurewa.

'Yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke ce wa Auta, zanen gine-gine take yi a kwamfuta, a wani ɗan ɗaki cikin gidan mijinta. Kwamfutar ta tsufa. Idan Auta ta so juya gidan da ta zana ta duba bayansa, sai hoton ya tsaya cak, ta je ta ɗora ruwa ta dawo bai gama juyawa ba. Mijinta, malamin makaranta ne, ya sayo mata sabon katin hoto, wani faffadan abu mai fanka biyu da ake cusawa a cikin kwamfuta ya ɗauke mata nauyin zane.

Wata Asabar da hantsi Baba ya je gaishe su, ya tarar an kwantar da kwamfutar a kan tebur an buɗe gefenta. Surukin nasa ya miƙe da sauri ya ba shi kujera.

"Sannu da zuwa, Baba. Yanzu za mu gama, cusa shi kawai zan yi."

"Mene ne shi?"

Auta ta yi masa bayani, ta ɗora masa katin a hannu. Baba ya jinjina nauyinsa, ya shafa fankokin da babban yatsa.

"Abin da aka yi wa fanka har biyu yana zafi," in ji shi. "Abin da ke zafi kuwa yana cin wuta. Wa zai ciyar da shi, Malam?"

"Akwai fawa a ciki, Baba." Surukin ya nuna wani akwatin ƙarfe a kusurwar kwamfutar, wayoyi sun fito daga jikinsa kamar jijiyoyi. "Ita ke raba wa kowane ɓangare wuta. An rubuta wat ɗari huɗu da hamsin, ga shi nan ɓaro-ɓaro."

"Wannan rubutun mai sayarwa ne. Auta, cire filogi daga bango, ki kawo tocila. Akwai ƙananan rubutu a ƙasa, su nake so."

Auta ta sunkuya ta haska. Akwai ɗan jadawali a jikin takardar, ƙura ta rufe rabinsa, sai da ta goge da gefen mayafinta. Ta fara karantowa: bolt uku da ɗigo uku, bolt biyar, bolt goma sha biyu.

"Katin naki daga wanne yake sha?"

Ba su sani ba. Surukin ya duba a wayarsa, ya ce daga sha biyu, shi da ƙwaƙwalwar kwamfutar duka.

"To, amfiya nawa aka rubuta a ƙarƙashin sha biyun, wato yawan wutar da take bayarwa?"

"Ashirin da takwas."

Baba ya rufe ido, leɓensa na motsi. "Sha biyu sau ashirin da takwas, wat ɗari uku da talatin da shida. Wannan shi ne ƙarfinta na gaskiya a layin da kuke buƙata, kuma ranar da aka ƙera ta ke nan. Shekararta nawa?"

"Bakwai," in ji Auta.

Suka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Kwalin katin ya ce yana cin wat ɗari biyu da ashirin. Ƙwaƙwalwar tana cin casa'in da biyar. Baba ya ware hamsin saboda ƙananan abubuwan da bai san sunansu ba. Ya haɗa, ɗari uku da sittin da biyar.

"Kun ga an wuce. Za ta kunna, ba na ce ba za ta kunna ba. Sai ranar da kike tsakiyar aikin mutane ta ɗauke. Idan an yi rashin sa'a ta tafi da katin."

Surukin ya sosa ƙeya. Mutum ne mai kunyar surukinsa, amma ya ƙwallafa rai a ga katin nan yana aiki yau. Ya ce akwai kuma wata 'yar matsala: bakin katin rami takwas ne, filogin fawar kuwa shida, amma ya sayo 'yar wayar da ke haɗa su. Ya miƙa masa. Baba ya murza ta tsakanin yatsu biyu, ya lanƙwasa ta.

"Malam, wannan ko igiyar shanya ban yarda da ita ba."

Auta ta fashe da dariya, mijin ma ya yi. Ya ɗauki sukundireba ya ce bari ya buɗe fawar su ga cikinta, Baba ya riƙe masa hannu a hankali. Baba ya ce irin waɗannan akwatuna suna ajiye wuta a ciki ko an cire filogi, ba a buɗe su. Aka mayar da kati cikin kwalinsa.

Ranar Litinin Baba da Auta suka tafi kasuwar kayan kwamfuta, Auta na riƙe da gwiwar hannunsa a wurin tsallaka titi. Mai shagon da suka shiga mace ce, ta fito musu da fawa iri uku. Baba ya ɗaga kowacce, ya zaɓi wadda ta fi nauyi.

"Baba, a da ne haka," in ji mai shagon. "Yanzu akwai masu sa ƙarfe a ciki don ta yi nauyi kawai. Wannan marar nauyin ta fi ta."

Baba ya ce ta karanta masa ƙananan rubutun. Ta karanta. Mai nauyin amfiya talatin take bayarwa, ɗayar hamsin da huɗu, ga filogi mai rami takwas a jikinta. Ya ajiye mai nauyin.

"Kin fi ni gaskiya, 'yata. Zamani ya wuce hannuna."

"Amma ka san inda ake dubawa. Yawancin masu zuwa nan babban rubutun kawai suke gani."

Hakan ya yi masa daɗi, ko da yake bai nuna ba. A hanya ya tambayi Auta har sau biyu me matar ta ce.

Surukin ne ya ɗaura sabuwar fawar da yamma bayan ya taso daga makaranta, Baba na zaune yana cewa a ɗaure wayoyin kada su taɓa fanka. Aka kunna. Auta ta buɗe zanen wani gida mai hawa biyu ta juya shi, ya juya sumul. Baba ba ya ganin allon sosai, sai ya zagaya ya sa tafin hannu a bayan kwamfutar inda iska ke fita. Ya daɗe a haka, sannan ya ce ɗumi ne kawai, lafiya lau.

Ya dawo ya matso da fuskarsa kusa da allon.

"Ina kicin?"

Ta nuna masa.

"Soket nawa kika sa?"

"Biyu."

"Biyu? Firij, butar lantarki, injin markaɗe. Na ukun kuma matar gidan ta sa a ina? Ƙara uku, ki raba wa firij layinsa daban."

Auta ta ƙara. Daga wannan makon, duk zanen da ta gama sai ta kai masa gida ranar Asabar, ta zauna a gefensa tana karanta masa ɗaki bayan ɗaki, shi kuma yana gaya mata inda makunni zai zauna da kaurin wayar da za ta je kowane bango. Wani lokaci su yi musu. A kan fitilar matakala har yanzu ba su daidaita ba.