Sunan Uba a Takardar Juwairiyya

Ranar Talatar nan marka ta sauka sosai. Tun asuba ake yayyafi bai ɗauke ba, gyaɗar bayan gidan Malam Tasi'u duk ta kwanta a ruwa. Shi kuwa ko leƙa gonar bai yi ba. Yana zaune a zaure da leda a cinya, takardun Juwairiyya ne a ciki.

Malam Tasi'u manomi ne a wani ƙauye kusa da Makoda, mutum marar yawan magana. Allah bai ba shi haihuwa ba. Da ƙanensa Sabiru ya rasu, sai aka ba shi riƙon 'yarsa Juwairiyya tana shekara uku. Shi ya kai ta firamare, malamin ya rubuta Juwairiyya Tasi'u. Da wannan suna ta gama sakandare, da shi ta shiga makarantar koyon aikin jinya a wata jiha, har ta yi shekara biyu.

Ana nan sai matarsa Hure ta gamu da shanyewar ɓarin jiki. Juwairiyya ta nemi komawa wata makaranta a Kano, yadda za ta riƙa zuwa gida duk mako. Makarantar ta yarda za ta karɓi sakamakon shekara biyun, amma a haɗo da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Malam Tasi'u ya ce shi zai nemo, don ya rage mata wahala. A sakatariya aka tambaye shi sunan mahaifin yarinya, bai ko yi tunani ba ya ce Sabiru. Gaskiya aka tambaye shi, kuma tun yana ƙarami ya san ba a jingina ɗa ga wanda bai haife shi ba.

Ranar Litinin Juwairiyya ta dawo daga Kano jiki a sanyaye. Mai rajista ta ce sakamakon na 'yar Tasi'u ne, shaidar kuma ta 'yar Sabiru. In ba a kawo takardar rantsuwa daga kotu kafin Juma'a ba, sai ta koma aji ɗaya.

"Baba, tun firamare nake amsa sunanka, rana ɗaya ka sallame ni a sakatariya?" ta ce, tana son ta ba shi dariya. Bai iya yi ba.

Abin da ya zaunar da shi a zaure ke nan. Bai taɓa taka kotu ba a rayuwarsa. In ya rantse 'yarsa ce, ya yi ƙarya. In ya ce ta Sabiru ce, ya zubar mata da shekara biyu. Da hantsi dai ya cusa ledar cikin riga, shi da Juwairiyya suka hau acaɓa zuwa kotun Ɗanbatta, ruwa na dukansu.

Suka tsaya a gaban magatakardan kotu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa ba zan rantse ni na haife ta ba."

Magatakardan ya ajiye biro. "Baba, ba shi ake tambayarka ba. Mai sunayen nan biyu, yarinya ɗaya ce ko biyu?"

"Ɗaya ce. A gabana ta yi wayo."

"To, a kan wannan za ka rantse."

Ya rantse, ya dangwala yatsa. Ranar Alhamis Juwairiyya ta kai takardar makarantar. Mako uku ba amsa, kullum sai ya taka bakin makarantar firamare inda waya ke kamawa, ya kira ta ya ce ko an ji wani abu. Daga baya suka karɓi sakamakon, ban da darasi ɗaya da suka ce nasu ya bambanta, sai ta maimaita.

Yanzu Juwairiyya tana shekarar ƙarshe, tana zuwa gida duk Juma'a ta gasa wa Hure ƙafa. Malam Tasi'u yana nan ƙauyen yana noman gyaɗarsa, kwafin takardar rantsuwar kuma yana cikin ledar a ɗakinsa.