Hoton da Umma ta ce a goge

Wata rana wata mata mai suna Suwaiba ta zauna a bakin gadon mahaifiyarta, waya a hannu, tana ta jan hotuna sama har ɗan yatsanta ya fara zafi.

An yi sadakar bakwai. An naɗe tabarmi, 'yan zaman makoki sun watse, tukwanen aro sun koma gidajen masu su.

Ita kuwa ta gaji. Ta gaji da amsa "ya haƙuri", ta gaji da girkin baƙi, ta gaji da kukan da ya daina fitowa.

Abu ɗaya ya rage mata ta yi kafin ta miƙe bayanta.

Yayar Umma, Inna Gambo, tana can Damagaram. Ciwon ƙafa ya kwantar da ita, ba ta zo jana'iza ba, ba ta zo gaisuwa ba. Sai ta aiko saƙon murya ta wayar maƙwabciyarta:

"Suwaiba, ban ga ƙanwata ba, ban yi mata sallama ba. Ki turo min hotonta ko ɗaya ne, in riƙa kallo."

Ko ɗaya ne fa. Suwaiba ta ce a ranta, wannan ai ba aiki ba ne.

Don ita Suwaiba atamfa da leshi take sayarwa ta waya, daga ɗakinta a Ɗorayi. Ɗaukar hoto sana'arta ce. Wayarta cike take maƙil, kullum sai ta yi mata ƙorafin babu wuri.

Ta fara dubawa.

Atamfa. Atamfa. Leshi. Shinkafar biki. Takalmi. Ita kanta ta karkata kai hagu. Ita kanta ta karkata kai dama. Amaryar da ko sunanta ba ta tuna ba. Atamfa kuma.

Umma fa?

Ga gefen mayafinta a bayan wata amarya. Ga hannunta yana miƙa kwano. Ga ƙeyarta tana fita daga ɗaki.

Fuska babu.

Kuma ba wai ba a ɗauka ba ne, jama'a. An ɗauka ya fi a ƙirga. Kun dai san iyayenmu mata. Da ta ji ƙyas, sai ta miƙo hannu ta ce a nuna mata. Ta kawo wayar kusa da ido, ta yamutsa fuska.

"Kai, Suwaiba! Dubi yadda na fito kamar mai jinya. Goge. Bari sai da Sallah in na yi kwalliya."

Sai Suwaiba ta goge. Mene ne a ciki? Ai gobe ma ana iya ɗauka.

Sallah ta zo, Umma tana bakin murhu. "Yanzu da hayaƙin nan? Bari sai an jima." An jima baƙi sun cika gida. Haka Sallah take wucewa, wata ta zo, ita ma ta wuce.

Daga ƙarshe dai Suwaiba ta samo guda ɗaya. Wanda Umma ta yarda aka bari. Ranar sunan ɗan maƙwabta ne, an ɗauke shi da filtar nan mai gyara fuska. Umma ta fito fara sol, fata sumul, kamar 'yar shekara talatin.

Suwaiba ta tura shi Damagaram, ta sauke ajiyar zuciya.

Amsa ba ta jima ba.

"'Yar nan, wannan wace ce? Ina tsagar fuskarta? Tare aka yi mana a gidan kakarmu. Ni ƙanwata na ce ki turo min."

Suwaiba ta ƙara girman hoton ta duba. Wallahi gaskiya ne. Filta ta shafe tsagar, ta shafe tamojin goshi, ta shafe ɗan tabon ƙunar mai da ke gefen haɓa. Duk abin da ya sa Umma ta zama Umma, wayar ta ɗauke shi a matsayin datti ta share.

Ta kife wayar a kan gado. Ta rasa ma ƙarfin yin kuka.

A nan ne ta tuna da ƙanenta Nafi'u. Da ta tuna kuma, sai gabanta ya faɗi.

Bari in mayar da ku baya kaɗan.

Shi Nafi'u malamin makaranta ne, kuma mutum ne mai wani irin ra'ayi. Duniya tana ɗaukar hoto da waya, shi yana yawo da tsohuwar kyamara mai fim rataye a wuya, irin wadda sai an murɗa kafin ta ɗauka. Fim ɗaya hoto talatin da shida, in sun ƙare sun ƙare. Kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke.

'Yan gidan sun mayar da shi abin tsokana. Suwaiba ce kan gaba. Ta ce masa mai hoton tasha. Ta ce kafin ya gama ƙanƙance ido yana murɗe-murɗe, ita ta ɗauki hamsin ta zaɓi ɗaya.

Shi dai sai ya ce, "Yaya, ni ba na son zaɓa bayan an gama. Na fi son in tsaya in duba tun kafin."

Ta ce Allah ya ba shi lafiya.

Bara su biyun suka raka Umma Damagaram ta gano yayarta. Wata safiya tsofaffin nan suna zaune a tabarma ɗaya a tsakar gida, suna tsinkar zogale. Inna Gambo ta tuno wani abu na yarinta, Umma ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya zame, wushiryarta a waje.

Ƙyas.

Umma ta juyo, ta ga Nafi'u durƙushe da kyamara. Ta miƙa hannu.

"Nuna min."

"Umma, wannan ba ta nunawa."

"To goge."

"Ba ta gogewa."

Umma ta riƙe haɓa. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin kyamara mara kunya irin wannan ba.

Nafi'u ya yi dariya ya fice. Ya shiga cikin gari, ya wuni yana ɗaukar tsofaffin ƙofofi da katangu masu zane, abin da ya kawo shi ke nan tun farko.

Amma Umma ba ta manta ba. Da la'asar ya ajiye kyamarar ya tafi masallaci, sai ta yafito Suwaiba.

"Ke kin san kan waɗannan abubuwa. Je ki goge min hoton nan, kada ya je ya nuna wa mutane ni kai ba ɗankwali."

Suwaiba ta ɗauka ta juya, ta juya. Babu allo, babu maɓallin gogewa. Ta ja wani ɗan ƙarfe sama, sai bayan kyamarar ya buɗe ɓalas, a tsakar gida, rana tana dukan komai.

Ta ga wani abu kamar leda ruwan ƙasa a miƙe. Ba hoto, ba komai. Ta yi sauri ta rufe.

Da Nafi'u ya dawo ya gane abin da ya faru, bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi, da ya fi sauƙi. Ya zauna ya dafe kai.

"Yaya, fim ba ya son haske. Kin buɗe, kin ƙona."

Umma ta ce to alhamdu lillahi, an goge ke nan.

Ya naɗe fim ɗin, ya jefa a aljihu, bai sake maganar ba. Har suka dawo Kano bai yi wa Suwaiba wata doguwar hira ba. Ita kuma ta ce a ranta, a kan hoton ƙofa ne ake wannan kumburin?

To yau ga ta zaune a bakin gadon Umma, tana neman lambarsa.

Ta tambaye shi fim ɗin nan na Damagaram, ko ya zubar.

Ya ce yana nan. Yana cikin gwangwanin madara a firji, tare da sauran. Bai taɓa kai shi wanki ba, don bai ga amfanin wanke ƙonannen abu ba.

Ta ce ya kai.

Ya ce kada ta sa rai. Ya ce shi bai san mai wanki a kusa ba yanzu, duk waɗanda ya sani sun rufe ko sun koma buga hoton waya. Sai dai a aika wa wani dattijo a Legas, kuma shi ba ya gaggawa.

Ta ce ya aika.

Sai jira.

Ku da kuka saba ƙyas ku gani, ba za ku gane wannan jiran ba. Suwaiba ba ta taɓa jiran hoto a rayuwarta ba. Yanzu ga ta tana kwana tana tashi da shi. Masu sayen atamfa suna turo saƙo, ta buɗe ta rufe. Ta ɗaga waya za ta ɗauki sabon kaya, sai ta ji hannunta ya yi nauyi.

Inna Gambo kuma ba ta fasa ba. Duk bayan kwana biyu sai saƙo ya shigo: "'Yar nan, an samu?"

Sai Suwaiba ta ce ana kan nema, Inna.

Me za ta ce? Ta ce na ɗauki ƙanwarki sau ba adadi na goge da hannuna, na ƙarshen kuma na buɗe shi a rana?

An kusa sadakar arba'in Nafi'u ya shigo da ambulan. Ya zauna a kan kujerar roba, ya fara jera hotuna a kan tabarma.

Na farko fari fat. Na biyu fari fat. Na gaba ja da rawaya kamar an watsa manja. Ƙofofinsa ke nan, da katangunsa, wunin da ya yi a rana. Duk sun tafi.

Suwaiba ta sunkuyar da kai ta ce ya yafe mata.

Ya ciro na ƙasa ya ɗora mata a cinya.

Gefe ɗaya ya ƙone, ja ya cinye kwanon zogalen da rabin tabarmar. Amma a tsakiya ga tsofaffi biyu kafaɗa da kafaɗa. Ga Umma, kai a baya, baki a buɗe, ɗankwali ya zame, furfura a waje. Ga wushirya. Ga tabon ƙunar mai. Ga tsaga, layi-layi, ba wanda ya ɓace.

Nafi'u ya ce da safe ya ɗauki wannan. Duk waɗanda ya ɗauka daga baya a kansa suka naɗu, su haske ya fara ci, shi ya sa ya tsira.

Suwaiba ba ta ji rabin bayanin ba. Kukan da ya ƙi zuwa tun ranar jana'iza, ranar ya zo.

Ba su tura ta waya ba. Nafi'u ya sa hoton a leda, ya kai tasha, ya damƙa wa direban Damagaram hannu da hannu.

Washegari da hantsi saƙon murya ya shigo. Inna Gambo ce.

"Ita ce. Wallahi ita ce. Dubi ɗankwalin nan. Tun tana yarinya ba ta iya ɗauri ba, ni nake ɗaura mata."

Suwaiba ta saurara, ta sake saurara. Tana zaune a ƙasa, ido a kumbure, hijabi a karkace, fuska ba ko hoda. Sai ta ji ƙyas.

Ta ɗago. Nafi'u ne a bakin ƙofa, kyamara a ido.

Ta miƙa hannu, ta buɗe baki. Kalmar tana kan harshenta, da muryar Umma sak.

Sai ta mayar da hannun cinyarta.

Ta ce, "Bar shi."

Darasi:

Ni dai na gaji da ganin mutane suna neman hoton iyayensu ranar rasuwa suna rasawa, alhali wayarsu ta cika da abinci da takalma.

Ban ce kowa ya je ya sayi kyamara mai fim ba. Amma na gane abin da ya sa irin su Nafi'u suka riƙe ta. Tana sa ka tsaya ka kalli mutum kafin ka ɗauka, kuma ba ta ba ka damar share shi don bai yi kwalliya ba.

Hotonka da ka ce bai yi kyau ba yau, shi 'ya'yanka za su nema. Ba fuskar filta za su yi kewa ba. Taka za su yi kewa, da tamojinta, da gajiyarta, da ɗankwalin da ya zame.

In mahaifiyarka ko mahaifinka suna raye, ka ɗauke su yau yadda suke. In sun ce ka goge, ka ba su haƙuri, ka lallaɓa su su bar maka. Ka kuma buga ko ɗaya a takarda.

Wanda nasa suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya haskaka makwancinsu.

Ka tura wa mutumin nan na gidanku da kullum yake cewa a goge. Ka san shi. In kuma kai ne, to ya iso inda aka aiko shi.