Ranar da Ƙwaya Ta Ci Ruwa

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki ina 'yar ƙarama a lakwal, wato makarantar boko, rumbunmu kuwa ya kai inda in ka yi magana a cikinsa sai ya amsa maka. Daminar da ta wuce ta yi mana rowa. Baba ya tafi cin rani Kano tun bayan girbi, ya bar mu a gidanmu na Matameye: Inna, da yayata Zuwaira, da ni, da Kaka mahaifiyarsa, wadda na ci sunanta. Takwara take kirana.

Abu ɗaya Baba ya ja kunne a kai kafin ya tafi, shi ne irin geron da ke cikin tulu a ɗakin Kaka. Kada a ci, kada a shuka, sai ruwa ya sauka sosai. Amma da bazara ta yi nisa, maƙwabta suka fara binne, wato a shuka a busasshiyar ƙasa, iri ya kwanta yana jiran ruwan farko. Wanda binnensa ya kama, shi ke riga kowa gasa tumu. Kaka ta leƙa rumbu, ta dubi wuyanmu ni da Zuwaira, da asuba ta ɗauki sungumi.

Inna ta ce, "Iya, me za mu ce masa?"

"Ni na haife shi, ni zan ce masa."

Haka duk irinmu ya shiga ƙasa. Har yau ina jin zafin rairayin a diddigena, ina bin bayanta ina rufe ramuka.

Cikin wannan jiran ne saƙon Baba ya iso: garin rogo, da wata tsohuwar na'urar wasa mai aiki da pil, wato batir, muna ce mata gem. A cikinta akwai ƙananan dodanni da ake haɗawa faɗa, kowanne da jinsinsa. Na wuta yana cin na ciyawa, na ruwa yana cin na wuta, na ciyawa yana cin na ruwa. Wanda ya san wannan ya san wasan.

Da ma bayan isha muke zagaye murhu, ba don sanyi ba, sai don garwashin ya fi fitila arha. Rediyon maƙwabcinmu na karanto sanarwar soja ta kan danga, Kaka kuma na jan tatsuniya da muryarta mai laushi kamar ana kaɗa nono. Zuwan gem ya raba mu da ita. Muna zaune gabanta, idanunmu na kan ɗan hasken.

"Wane dodo ne wannan da ya sace mini jikoki ina zaune?"

Zuwaira ta yi mata bayani tana ƙirgawa da yatsu. Kaka ta gyaɗa kai. "Wuta ta ci ciyawa, na ga gobara. Ruwa ya ci wuta, kullum Innarku na yi. Amma ciyawa ta ci ruwa?"

"Shanye shi take yi, tsohuwa. Ke ba ki waye ba."

"To, ku da kuka waye, Allah ya ba ta sa'a."

Sai wata la'asar hadari ya taso daga gabas. Aka yi yayyafi, ƙasa ta yi ƙanshi, ni da Zuwaira muka fita tsakar gida muna juyi, bakinmu a buɗe. Kafin rigunanmu su jiƙe ya ɗauke. Na ga Kaka ta tura yatsa cikin ƙasa, ta ciro, ta daɗe tana dubansa. Ban gane ba. Daga nan rana ta dawo da ƙarfinta, kwana da kwanaki sama fes.

Wata rana Kaka ta tafi gona ita kaɗai. Da dare ta ce, "Ku kashe abin nan, yau dodanninku zan ba ku labari. Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri."

Muka ce ta zo.

Ta ce wai Ƙasa tana da 'ya guda, sunanta Ƙwaya, tana barci a ɗakin uwarta. Wuta ta rantse sai ta cinye ta. Ta hau rufin ɗakin ta yi ta ci, amma Ƙwaya mai barci ba ta ƙonewa. Iska ta zo za ta yaye rufin, Ƙasa ta riƙe. Da Wuta ta rasa dabara, sai ta tafi gidan abokin gabarta Ruwa. Shi ba ya nan, ya yi tafiya kudu, sai autansa Yayyafi ta tarar. Ta ce masa, "Ƙawarka na can kwance da ƙishi, kai kana nan?" Yayyafi yaron kirki ne, ba ya nufin kowa da sharri. Ya ruga, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce, "Ƙwaya, tashi, na zo."

Nan Kaka ta rage murya. "Ta tashi. Ta buɗe ƙofa, ta miƙo ɗan kanta fari kamar zare. Ta kama shi ta shanye, tas."

Zuwaira ta tafa. "Na faɗa miki! Ciyawa ke cin ruwa!"

Kaka ta ce, "Ta ci shi. Ta dubi bayansa, ba uba, ba yayye. Ta ce bari ta koma barci. Amma ƙwayar da ta farka ba ta komawa. Wuta na tsaye a bakin ƙofa."

Muka matso muna jiran mai ceto. A tatsuniyoyin Kaka kullum akwai shi, ko kurciya ce, ko tsohuwa a bakin rijiya.

Na ce, "Sai me, Kaka?"

"Sai ta cinye ta, Takwara."

"A'a! Ba haka ake ƙarewa ba!"

Ba ta rufe labarin da kan ɓera ba kamar yadda ta saba. Ta kwance bakin zanenta, ta miƙo tafin hannunta kusa da garwashi. Ƙwayoyin gero ne, kowace ta fashe, da ɗan tsiro a jikinta ya bushe ya murɗe kamar gashin da wuta ta lasa.

Ludayin da ke hannun Inna ya faɗi. "Innalillahi. Iya, duka gonar?"

"Na tona gabas, na tona yamma. Duka."

Ruwan da na yi wa rawa, na buɗe masa baki, shi ne ya kashe mana gona. Zuwaira ta zuba wa gem ido a cinyarta kamar shi ya yi mata ƙarya. Ba wanda ya yi kuka, mamakin ya fi ƙarfin hawaye.

Kashegari Kaka ta ɗaura ɗankwali ta taka har Kurni, wurin ƙanenta, ta roƙo iri. Ɗan abin da ta samo bai rufe rabin gona ba, shi ma sai da ruwa ya zauna aka shuka. Da Baba ya dawo ita ta faɗa masa, a tsaye, ba ta bar Inna ta buɗe baki ba. Wannan shekarar mun ci ganye fiye da tuwo, amma mun kai kaka da ranmu.

Na daɗe ina jin haushin Wuta a labarin nan. Sai da na girma na lura ita ba ta yi komai ba sai halinta. Yayyafi ne ke tsaya mini a rai, wanda ya zo da alheri kaɗan, ya tashi mai barci, bai kuwa da abin da zai riƙe ta da shi.

Yanzu ina koyarwa a koleji. A ajina akwai wata yarinya daga Ɗan Barto, shiru-shiru, rubutunta kamar ruwan rijiya. Sau da yawa bakina ya cika da in ce mata, "Ke, za ki iya zuwa jami'a." Na san ranar da na faɗa za ta farka, ba kuma za ta koma barci ba. Shi ya sa ban faɗa ba tukuna. Na fara zuwa gidansu na gaida mahaifinta, na gyara mata shimfiɗa a ɗakina na Zinder, inda jami'ar take. Gobe zan ƙwanƙwasa mata ƙofa.