Abin da Na Yanke Daga Bidiyon Inna Gambi

Akwai wata Talata a damina ta biyu da na yi a Gaya wadda har yau ban manta da ita ba. Duk sanda ɗayanku, ku masu koyon aikin nan, ya nuna mini jadawalinsa a cike tsaf, yana murna, ita nake tunawa.

Lokacin ina yi wa Hajiya Ramatu aiki. Sana'arta kifin banda da yaji, tana ɗaure su a kwali tana sa wa motocin Doso da Yamai. Ni baƙuwa ce, daga Dogon Dutsi na zo bayan na gama karatu, na kama ɗaki guda a bayan tasha. Tagata tana kallon layin kamiyoyi, manyan motocin kaya da ke jiran duwan, wato kwastan, kuma sau da yawa su kaɗai nake gani daga safe har la'asar. Aikina shi ne yin gajerun bidiyo na talla don shafin Hajiya.

Ga yadda nake yi, don waɗanda ba su san aikin ba. Ina da kaye, wato littafin rubutu, da na raba shafinsa gida huɗu: ranar da bidiyo zai fita, abin da zai nuna, maganar da za a buɗe da ita, da wanda zai bayyana. Asabar ɗaya a cikin mako biyu nake zuwa gidan Hajiya da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi ta ɓata haske, in ɗauki bidiyo goma a tashi guda. Sai in koma ɗaki in yanke kowanne ya koma rabin minti, in sa rubutun Faransanci a ƙasa saboda masu saye na Yamai, in ɗora su duka in sa wa kowanne ranarsa da sa'arsa. Daga nan da kansu suke fita, ko ina barci ko babu rezo a wayata. Ina alfahari da wannan tsari. Ya rage mini yawo, har ya zama ba ni da dalilin taka gidan sai ranar ɗauka.

A cikin matan da ke banda akwai Inna Gambi, tsohuwa mutuniyar Tanda, wadda hayaƙi ya rina wa idanu. Ba ta son a ɗauke ta, sai da na yi ta lallashi. Wata Asabar ta yarda. Ta ɗaga tarwaɗa guda, ta dubi waya ta ce da Hausarta mai garɗin Dandi, wanda bai ci wannan ba bai san kogi ba, ta fashe da dariya. Na ji a raina ban taɓa ɗaukar abin da ya kai shi ba. Na yanke daidai inda dariyar ta ƙare, na sa masa Talata ta sama, ƙarfe goma.

Ranar Talatar ana yayyafi, ina zaune a taga ina rubuta wasu baitoci a bayan kaye. Waya ta fara motsi ba tsayawa. Na yi murmushi, na ce Inna ta ja mutane. Da na buɗe, saƙon farko cewa yake Allah ya jiƙanta. Na biyu ma haka. Wani ya rubuta cewa ko uku ba a yi ba, muna talla da fuskarta. Ashe da asubar Litinin ta rasu, an kai ta kafin hantsi, garin duk ya sani sai ni.

Na goge bidiyon, na tsayar da sauran. Abin da ya kamata in yi bayan haka kowa ya san shi, amma kunya ta ɗaure mini ƙafa. Na rufe ɗaki. Laraba ma ban fita ba. Ina ta tsara bayanin da zan yi wa Hajiya, ina kuma tunanin yadda zan gaya wa mahaifiyata an sallame ni. Ranar Alhamis da safe Hajiya ta aiko da saƙon murya, kalma uku: Nafisa, ki zo.

Ban taɓa shiga gidan nan babu hayaƙi ba sai ranar. Murahu a sanyaye, mata zaune bisa tabarmi. Na durƙusa na yi ta'aziyya, sannan na shiga yi wa Hajiya bayanin yadda ake sa wa bidiyo lokaci tun kwana goma baya. Ta bar ni har na kai aya.

"Na san inji ne ya fitar da shi, ɗiyata," ta ce. "Shi ne kuma ya hana ki zuwa gaisuwa?"

Na ce ba wanda ya gaya mini. Ta ce mako guda Inna tana kwance, kuma labarin gida mai leƙowa ke jin sa, ba a bin mutum da shi har ɗaki.

Sai Hadiza, ɗiyar marigayiyar, ta tambaye ni a hankali ko da sauran wani abu a wayata, don ba su da muryarta ko ɗaya. Na nemo ainihin ɗaukar da ban yanke ba, na miƙa mata. Mata suka matso. Inna ta ɗaga kifi, ta yi dariyarta, sannan abin da na yanke ya biyo. Ta dubi bayan waya, inda nake tsaye:

"Ke ɗiyar Arewa, kullum kina laɓe bayan abin nan kamar mai ɓuyar kishiya. Wa ke dafa miki a garin nan? Aje shi ki zo ki ci."

Sai muryata, da sauri: "Inna, saura uku, rana za ta yi. Sai wani zuwan."

Wallahi na manta ta faɗi haka. Sau da yawa na wuce wurin ina yanka, ban ji komai ba sai daƙiƙun da suka yi yawa. Wasu matan suka yi dariya suna share ido. Hadiza ta ce in tura mata shi duka, kar in taɓa ko'ina. Hajiya ta jawo kwanon shinkafar sadaka ta turo gabana.

"To ga wani zuwan ya zo," ta ce. "Ci."

Ba ta sallame ni ba. Bayan bakwai muka ci gaba, kuma har yau a tashi guda nake ɗaukar bidiyona, don tsarin ba shi da laifi. Gida na biyar kawai na ƙara a kaye, ban sa masa suna ba. Kafin fuskar kowa ta fita, sai na je na gaishe shi na ga yadda ya kwana.

Za a koya muku yadda tsari ke sama muku lokaci, kuma gaskiya ne. Ni na samu, na ƙarar da shi a taga ina kallon kamiyoyi, alhali tafiyar minti goma daga nan akwai tsohuwar da ta lura ba ni da mai dafa mini.