Fim na Masu Ido

Shekarar da cutar yanar ido ta gama rufe wa babana ido, ni na zama idonsa wajen kallon fim. Tela ne a kasuwar Dogon Dutsi, kuma tun zamanin kaset Allah ya jarabce shi da son kallo. Da ya ajiye keken ɗinki sai muka tsiro da wata al'ada: kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, in shimfiɗa tabarma a inuwar bishiyar bedi ta tsakar gida, in kunna kwamfuta, shi yana jin sauti, ni ina gaya masa abin da ke faruwa.

Baba ba ruwansa da kyan hoto, mutane yake bi. Wa ya cuci wa, wa ya ci amana. Yakan yi wa mugun fim faɗa kamar maƙwabcinsa ne, kuma sau da yawa kafin a kai rabi ya riga ya faɗi ƙarshe. A duk mako, wannan lokacin kaɗai nake jin dariyarsa.

Sai ga wani fim na yaƙin sararin samaniya ya shigo gari. Samarin fada, wato majalisar hirar unguwa, suka ishe mu, wai wanda bai gan shi ba bai ga komai ba. Na je bakin tasha wurin masu tura fim aka zuba mini. Ban ko duba ba na yi ta cika wa Baba baki kwana shida, har ya ƙosa Juma'a ta zo.

Ba zan yi ƙarya ba, hoton ya kai. Jirage kowanne ya fi dutsen garinmu girma, wuta shuɗiya, ƙasa tana tsagewa. Na saki baki, na manta da tsohon da ke gefena, sai da ya taɓa gwiwata. Na ce jirgi ya fashe. Ya ce na wa? Na ce ban sani ba tukuna. Can na ce wani ma ya fashe. Da wani birni ya rushe gaba ɗaya, ya tambaya ko an samu kwashe mutane. Fim ɗin bai damu da wannan ba, ni ma ban lura ba sai da ya tambaya.

"Auta," ya ce, "wanga matuƙi da ka ta kisa, mi anka yi mishi? Ina uwatai?"

Mutanen da suka iya ƙera rana biyu a sama ɗaya sun kasa ba matuƙin nan uwa, ko dalili. Baba ya ɗan saurara, sannan ya yi murmushi irin na teloli, ya ce an zuba surfani an manta da riga.

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Ga shi ni na cika baki, ga tambayoyinsa suna sa hoto yana wuce ni. Ban ko juyo ba na ce:

"Baba, wanga fim na masu ido ne."

Ya lalubo sandarsa, ya lalubo takalmi, ya shige ɗaki. Abin da har yau ke ci mini rai shi ne ban tsayar da fim ɗin ba. Na zauna na kalle shi har ƙarshe.

Juma'ar da ta biyo na shimfiɗa tabarma, na kawo irin wanda yake so, mai rigimar gado. Ya ce ya gaji. Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, kuma kowa ya san irin wannan ba komai ɗin. Ya koma wa rediyonsa. Bai sake zama a tabarmar nan ba har Allah ya karɓi abinsa.

Kwanan baya ɗiyata ta ga fim ɗin a kwamfuta, ta tambaye ni labarin me ne. Na yi ta lalube a kaina, ban samu fiye da abin da na gaya masa ba: jirgi ya fashe, wani ma ya fashe. A kan wannan na tashi ubana daga tabarmarsa.